Amsa: Keken guragu ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye

Malam, ka ce ƙungiyarku ta unguwa ta haɗa kuɗi don saya wa wani dattijo keke, kana tambaya ko ku shiga kasuwa ku ɗauko wanda kuɗin ya isa. Kada ku saya sai an auna dattijon. Ku kai shi sashen gashin ƙashi na babban asibiti mafi kusa, su gwada shi a zaune. Mazaunin ya zama daidai faɗin ƙugunsa da rarar yatsa biyu a kowane gefe, a kuma bar tazarar yatsa uku tsakanin bakin kujerar da bayan gwiwarsa. Ku zaɓi wanda ake cire madogarar hannu, saboda sauƙin ɗaga shi daga gado.

Dalili kuwa, keken da ya yi masa yawa yakan sa ya karkace zuwa ɓarin da ya mutu, ledar mazaunin ta lotsa, kafin a ankara gyambo ya ɓullo a ƙashin zama, kuma jinyarsa ta fi kuɗin keken. Don haka ku ware kuɗin matashin zama mai kauri, a riƙa gyara masa zama duk rabin awa. Ku duba gidan ma tukuna: dakali mai tsayin santimita 15 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 180, ƙofar banɗaki kuma kada faɗinta ya gaza santimita 80. In tsakar gidan yashi ne, ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi, sai an yi daɓen siminti daga ɗakinsa zuwa zaure.