Amsa ga mai niyyar tafiya aiki Saudiyya domin kallon ƙwallo

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Na saurari saƙon da ƙanenmu ya turo jiya da dare, inda yake cewa wani ejan ya yi masa tayin aikin gadi a Saudiyya, ya nemi ya fara biyan kuɗin biza, ya kuma kwaɗaita masa cewa zai riƙa shiga fili yana kallon Ronaldo, har ma gasar cin kofin duniya ta 2034 za ta same shi a can. Tun da ya nemi shawarar waɗanda suka taɓa fita, kuma ni ina aikin gadi a Doha, babban birnin Katar, lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, na ga ya dace in amsa a nan domin kowa ya ji.

Ƙanena, da farko ina so ka san cewa ban raina burinka ba. Ni ma ƙwallo tana cikin jinina, kuma gaskiya ne Fifa ta ba Saudiyya gasar 2034 a watan Disamba na 2024, gaskiya ne Ronaldo ya koma Al Nassr a farkon 2023, ƙungiyar da namu Ahmed Musa ya yi wa wasa daga 2018 zuwa 2020. Ejan bai yi maka ƙarya a kan waɗannan ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, zama a ƙasar da ake gasa daban yake da samun damar kallon gasar, kuma abin da ke raba su shi ne irin takardar da ka shiga da ita da irin kwantiragin da ka sa wa hannu.

Bari in ba ka abin da idona ya gani. Mai gadin da aka tsayar a cikin fili, aikinsa shi ne ya juya wa 'yan wasa baya ya fuskanci 'yan kallo, daga busa usur ɗin farko har zuwa tashi. Ranar da Kamaru ta ci Brazil ɗaya da nema a filin Lusail, ina tsaye a bakin wata matattakala sanye da rigar aiki, ƙafafuna sun kumbura saboda tun da rana tsaka mota ta sauke mu. Da Vincent Aboubakar ya jefa ƙwallon nan a ƙarshen wasa, ihu na ji ya tashi, na ga wani dattijo mai tutar Kamaru ya rungume wanda bai sani ba yana hawaye, a fuskokin mutane na gane an ci. Cire rigar da ya yi da jan katin da alƙalin wasa ya ba shi, sai da muka koma masauki bayan tsakar dare na gani a waya. Kuma ni ina cikin masu sa'a, domin da yawa daga cikin abokan aikina a wajen ajiye motoci ko bakin shingen bincike aka tsayar da su, ba su ko leƙa ciyawar filin ba har aka gama gasar.

Mafi yawan leburori a Sana'iyya suke zaune, wato unguwar masana'antu da ke bayan garin Doha, kuma an kafa musu babban allo a filin kurket na Asian Town, shiga kyauta. A nan dubban mutane daga Indiya da Nepal da Bangaladash da Kenya da Uganda da Ghana suke taruwa bayan an tashi daga aiki, wasu a kan kujeru wasu a ƙasa. A can na kalli wasannin Maroko da suka kai ta matakin kusa da na ƙarshe, kuma ban taɓa jin daɗin kallo kamar na wannan wuri ba, amma dai a allo ne, irin wanda za ka samu a gidan kallo a garinku.

Wasan da na kalla a zaune a cikin fili kuwa, da kuɗina na sayi tikitinsa. An ware wa mazauna Katar tikiti mai rahusa na riyal 40 a wasannin rukuni, kuma duk wanda ke da katin zama na halal yana iya nema tun farkon 2022, sannan ya yi katin Hayya wanda da shi ake shiga fili a kuma hau jirgin ƙasa kyauta. Ka lura da abin da ya ba ni wannan dama: takarduna cikakku ne, albashina yana shigowa, kuma ina da ranar hutu da aka rubuta a kwantiragi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, ko a jikin katangar fili yake kwana ba zai shiga ba.

Sannan Katar ƙaramar ƙasa ce, filayen takwas duk a Doha da kewayenta suke. Saudiyya ba haka take ba. Filaye 15 aka tsara a birane biyar, wato Riyad da Jidda da Khobar da Abha da Neom, kuma tsakanin Riyad da Jidda kaɗai tafiyar sama da kilomita 900 ce a mota. Idan kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki kuma bizarka take ƙarƙashinsa, ya tura ka gadin wata gona ko wani sito a can cikin sahara, ina kai ina filin Al Nassr? Kwantiragi kuma galibi na shekara biyu ne, saboda haka kafin 2034 sai an sabunta shi sau da yawa, kuma babu ejan da ke da ikon yi maka alƙawarin hakan.

Maganar kuɗin da ya nema ita ce ta fi damuna. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, mai ɗaukar aiki shi ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci da kuɗin iƙama, wato katin izinin zama, da tikitin komawa gida idan kwantiragi ya ƙare. Idan aka ce ka sayar da babur ɗinka ko gonar gado ka biya, alhali ba ka ga sunan kamfani ba, ba ka ga garin da za a kai ka ba, cinikin biri a sama ake so ka yi. Ka tambaye shi kai tsaye: bizar aiki ce, ko ta Umara, ko ta ziyara? Aiki da bizar Umara laifi ne a can, kuma duk mun san 'yan'uwanmu da suka shiga ta wannan hanya suka koma zaman takari, suna ɓuya daga jami'an tsaro har ranar da aka kama su aka dawo da su. Mutumin da ke gudun a tambaye shi iƙama ba zai tunkari ƙofar filin da ake duba takardu ba.

Ka kuma duba sana'ar da aka rubuta a bizar. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki da fita ƙasar bisa wasu sharuɗɗa, bai haɗa da ma'aikatan gida da direbobin gida da masu aikin gona ba. Saboda haka gadin kamfani da gadin gidan wani mutum ba ɗaya ba ne a wurin doka, ko da yake ejan zai kira su duka gadi. Wanda ya bar kafilinsa ba bisa ƙa'ida ba, ana iya shigar da shi hurub, wato a ce ya gudu, daga nan kuma zamansa ya zama haramtacce. A Katar an sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata tun 2021, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba, amma Saudiyya ba ta da irin wannan ƙa'ida ta bai-ɗaya ga baƙi, abin da ke cikin kwantiraginka shi ne haƙƙinka. Kada ka manta kuma cewa gina irin waɗannan filaye ya ci rayuka. Babban sakataren kwamitin shirya gasar Katar, Hassan Al Thawadi, da bakinsa ya ce ma'aikata tsakanin 400 zuwa 500 ne suka rasu a ayyukan da suka shafi gasar, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suna ganin adadin ya wuce haka.

Akwai kuma masu juya lissafin, su sayi tikitin wasa domin su shiga ƙasa su nemi aiki. An yi haka a Rasha a 2018, inda katin 'yan kallo ya tsaya a matsayin biza, wasu 'yan Najeriya suka maƙale a Mosko ba aiki ba kuɗin komawa, sai da gwamnati ta sa aka kwaso su. Katin kallo ba ya ba da izinin aiki.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka auna aikin nan kamar babu ƙwallo a Saudiyya gaba ɗaya. Nawa ne albashin, awa nawa ne a rana, wace rana ce hutu, wa zai riƙe fasfonka, kuma bayan ci da sha me zai rage da za ka aiko wa su Inna? Idan amsoshin sun gamsar da kai da iyayenka, ka tafi da yardarsu, ka sayi tikitinka a ranar hutunka ka zauna ka kalli wasa kamar kowa. Kafin ka ba da ko sisi, ka nemi ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka kuma nemi kwafin kwantiragin da sunan kamfanin da garin aikin. Idan ya ba ka, ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta keɓe, akwai wani ɗan'uwa a Riyad da ke karanta Larabci sosai, zan sa ya duba mana shi layi-layi. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri. Wassalamu alaikum.