Me Ya Sa Harafin O Yake Fitowa Ƙarami?

Tambaya: Ina zana sabon salon haruffa da da'ira, murabba'i da alwatika kawai, amma O yana fitowa ƙarami kusa da H, alhali tsayinsu ɗaya ne. Ina kuskuren yake?

Amsa: Awonka daidai ne, malam. Ido ne yake rage wa da'ira girma, domin a ɗigo ɗaya tak take taɓa layin sama da na ƙasa, saboda haka sai ka bar O ya ɗan zarce layukan biyu, haka ma tsinin A. Ko Paul Renner, wanda ya zana salon haruffa mai suna Futura da ya fito a Jamus a 1927, bai tsaya kan lissafi zalla ba, domin ya sirantar da layi a inda zagayen harafin b yake haɗuwa da sandarsa, don kada wurin ya yi duhu.