Me ya sa Turai ta hana zuba antibayotik a abincin kaji, Amurka ta shekara 40 tana jan ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ina kiwon kajin gidan gona a Jos. Na ji cewa Turai ta daɗe da haramta zuba antibayotik a abincin dabbobi don su yi saurin girma, ita kuwa Amurka sai kwanan baya. Masu binciken ne bakinsu bai zo ɗaya ba, ko akwai lauje cikin naɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hujjar da aka ajiye gaban Turai ita aka ajiye gaban Amurka. Inda aka rabu shi ne wa ke da ƙarfin cewa "a dakata tukuna".

Abin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Thomas Jukes na kamfanin Lederle ya lura cewa 'yan tsakin da aka ba ragowar abin da ake haɗa wani antibayotik da shi sun fi sauran girma. A 1951 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince a riƙa zubawa a abinci. Magani ya koma kamar gishiri a miya, da ciwo da babu ciwo.

Illar tana cikin ƙanƙantar adadin da ake zubawa. Bai isa ya kashe bakteriyar da ke hanjin kaza duka ba, sai ya share masu rauni ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Daga nan su bi kashin kaji, ruwa, nama da hannun ma'aikaci su iso ga mutum. Birtaniya ta fara farga bayan ɓarkewar salmonela (bakteriya mai sa zawo) da ba ta jin magani, har kwamitin Swann da gwamnatinta ta kafa ya ba da shawara a 1969 cewa a daina amfani da magungunan da mutane ke buƙata, irin su penisilin da tetrasaikilin, wajen ƙara wa dabba ƙiba.

Binciken da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Stuart Levy, wanda aka wallafa a 1976. Ya kai kaji wata gona kusa da Boston, ya ba wasu abinci mai tetrasaikilin, wasu babu. Cikin mako guda hanjin masu cin maganin ya cika da bakteriya masu bijire masa. Bayan wata biyar zuwa shida, da aka auna bayan-gidan iyalin da ke zaune a gonar, sai ga irinsu da yawa a cikinsu, fiye da na maƙwabta, alhali ba su sha maganin ba. Wani abin dariya, ƙungiyar kamfanonin magungunan dabbobi ce ta ɗauki nauyin aikin. A 1977 shugaban FDA, Donald Kennedy, ya nemi a janye izinin zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi. Majalisar dokoki, wadda masu kiwo da kamfanoni ke da baki a cikinta, ta ce a ƙara bincike. Ba a rufe wannan ƙofa ba sai Janairun 2017, shi ma kan magungunan da ake yi wa mutane amfani da su kawai.

Suwidin kuwa ta hana tun 1986, kuma manoma ne da kansu suka nema, don gudun kada masu saye su yanke ƙauna da namansu. Denmak ta haramta aboparsin, wani antibayotik da ake zuba wa dabbobi a abinci, a 1995 da aka ga yana haifar da bakteriya masu bijire wa bankomaisin, maganin da asibiti ke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. A shekarar ta kafa tsarin DANMAP, mai lissafa maganin da aka sayar da yadda bijirewa ke hawa ko sauka a dabbobi da mutane. A ganina wannan lissafin ya fi kowace maƙala tasiri, domin da wuya a yi gardama da alƙaluman da ake fitarwa duk shekara. Tarayyar Turai ta kammala haramcin a 2006.

Kada dai a ɗauka abin ya zo kyauta. A Denmak 'yan aladun da aka yaye sun yi ta zawo, maganin jinya ya ƙaru na wani lokaci, sai da aka gyara tsafta da abinci da cunkoso. Duk wanda ya ce maka hanawa kaɗai ta wadatar, bai taɓa kwana da kaji dubu ba.

Gwamnati kan yi sauri idan tsoron ya zama na kusa. A Nuwamban 2015 aka bayyana gano mcr-1 a aladun Sin, wata ƙwayar gado da ke sa bakteriya su bijire wa kolistin, antibayotik da asibiti ke komawa gare shi idan sauran sun gaza, kuma tana tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. Kafin shekarar 2017 ta ƙare Sin ta cire kolistin daga jerin abin da ake ƙara wa abinci don girma.

Mu ma abin ya shafe mu. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijire wa magani ya kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Ba kiwo kaɗai ya jawo haka ba. Shan magani barkatai da mutane ke yi babban dalili ne. Naka ɓangaren, Malam, ka daina zuba antibayotik a ruwan kaji masu lafiya da sunan rigakafi, ka bar likitan dabbobi ya zaɓa maka idan ciwo ya shigo, kuma ka duba jikin leda: akwai adadin kwanakin da za ka jira bayan magani kafin ka sayar da ƙwai ko ka yanka.