Tambayi Likita: Shin bitamin D yana tsare mutum daga mura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, ya aiki? Ni malamar makaranta ce, yarana uku, babban shekararsa 9, na tsakiya 6, autar kuma 3. Da zarar sanyi ya shigo, gidanmu ba ya rabuwa da mura. Wannan ya warke wancan ya ɗauka, har ta zagayo kaina. Bara ma maigidan sai da ya yi kwana 6 a kwance da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, aka ce mura ce mai tsanani. To matar yayana ta kawo mini kwalbar bitamin D, an rubuta 5,000 IU a jikinta. Ta ce ita tunda ta fara sha ko atishawa ba ta ƙara yi ba, don haka in riƙa ba kowa ƙwaya ɗaya kullum, har yaran. Sannan surukata, wadda ta haura shekara 70, likita ya taɓa rubuta mata mai 50,000. Ta sha na wata biyu ta ji daɗin jikinta, yanzu da kanta take aikawa a sayo mata. Likita, da gaske ne yana hana mura? In ba yaran?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa'alaikumus salam Malama. Sannu da hidimar yara, Allah Ya raya su. Bari in fara da abin da ba zai jira ba: don Allah kada ki ba yaran wannan ƙwaya mai 5,000. IU ɗin da kika gani ma'aunin yawan bitamin ne, kuma da shi zan riƙa yi miki lissafi. Iyakar da masana suka gindaya wa ɗan shekara 1 zuwa 3 ita ce 2,500 a rana, ɗan 4 zuwa 8 kuma 3,000, daga 9 zuwa sama har manya 4,000. Wannan fa iyaka ce da bai kamata a tsallake ba. Abin da jiki yake bukata daga shekara 1 zuwa 70 bai wuce 600 ba. Kin ga ƙwayar da ke hannunki ta ninka iyakar autarki sau biyu, ko ke ma da kike babba ta wuce taki.

Matar yayanki alheri ta nufa, kuma maganar da ta kawo miki ba a titi aka ƙirƙire ta ba. Daga wajen masana ta fito. Ni kaina a 2020, lokacin da korona ta rufe duniya, akwai ƙaramar kwalbar bitamin D a kan teburina, kullum da safe sai na haɗiyi ƙwaya ɗaya kafin in fara ganin marasa lafiya, ina fatan za ta kare ni. Don haka na san yadda zuciya take karkata ga wannan magani.

Ga inda abin ya samo asali. Bitamin D a fatarmu ake yin sa. Idan hasken rana ya sauka a fata, wani sinadari da ke cikinta yakan rikiɗe ya zama bitamin D, sai hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa. Babban aikinsa da ba a jayayya a kai shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci. Yaron da ya rasa shi ƙashinsa yakan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, babba kuma ya yi ta fama da ciwon ƙashi da raunin tsoka. To tun a 1981 wani likita a Ingila, Edgar Hope-Simpson, ya ja hankali kan cewa annobar mura mai tsanani tana bin juyawar rana: a ƙasashen sanyi, sai lokacin da rana ta yi rauni take tashi. A 2006 kuma aka nuna a ɗakin gwaji cewa bitamin D yana sa ƙwayoyin garkuwar jiki su fitar da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta. Ƙari a kan haka, sau da yawa idan aka auna jinin jama'a, sai a tarar masu ƙarancin bitamin D sun fi yawan mura. Kowa ya haɗa waɗannan uku zai ce an gano bakin zaren.

Sai dai wannan na ukun akwai tarko a cikinsa. Wa ya fi ƙarancin bitamin D? Tsoho, mai jinya, mai ƙiba sosai, wanda ba ya fita. Su ne kuma dama cuta ta fi saurin kayarwa. Yana iya yiwuwa rashin lafiyar ce ta zaunar da mutum a ɗaki har bitamin ɗinsa ya yi ƙasa. Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a tara mutane, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi ƙwayar gaske, rabi kuma mai kama da ita wadda babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wadda aka ba shi ba, sannan a zauna a ƙirga mura. An yi haka sau da dama, kuma ina so ki bi ni a hankali, domin amsarki tana nan.

A Japan, a sanyin 2008 zuwa 2009, an ba 'yan makaranta 1,200 kullum. Cikin yara 167 da suka sha na gaske, 18 ne suka kamu da nau'in A na murar infuluwenza, wato mura mai tsanani. Cikin 167 da suka sha na bogi, 31 ne. Amma a kan nau'in B bai yi komai ba. A Mongoliya, inda sanyi yake hana yara ganin rana wata da watanni, an auna wasu 'yan makaranta 247 aka tarar bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Da aka riƙa zuba musu 300 kacal a madara kullum, mura da tari suka ragu da kusan rabi.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. A Niyuzilan an ɗauki manya 322 masu lafiya, waɗanda dama bitamin D ɗin jininsu bai gaza ba, aka riƙa ba su 100,000 duk wata, bayan an fara da 200,000 sau biyu, har wata 18. Da aka fitar da sakamakon a 2012, kowane mutum a ɓangaren masu sha ya yi mura sau 3.7, a ɗaya ɓangaren sau 3.8. Babu bambancin a zo a gani, kuma murar ba ta fi saurin tafiya ba. Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne na Toronto a Kanada a 2017: yara 703 'yan shekara 1 zuwa 5, sa'o'in autarki ke nan. An ba rabi 400, rabi 2,000. Waɗanda aka ninka musu sau biyar ba su fi sauran tsira daga mura ba.

A 2017 ɗin dai Farfesa Adrian Martineau na Jami'ar Queen Mary da ke Landan da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum sama da 11,000. Sun sami amfani, amma ɗan kaɗan: sai mutum 33 sun sha kafin ɗaya ya kuɓuta daga ciwon hanyar numfashi. Da suka ware waɗanda bitamin D ɗin jininsu ya yi ƙasa sosai, masu shan ɗan kaɗan kullum ko duk mako, sai lissafin ya dawo mutum 4. Masu haɗiyar babban kaso sau ɗaya a wata kuwa ba su amfana ba. Wannan sakamako shi ne ya karaɗe jaridu, kuma har yau shi masu tallar ƙwayar suke ɗagawa. Abin da ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. A 2022 an fitar da gwajin mutum 6,200 a Birtaniya, da na mutum sama da 34,000 a ƙasar Norway, inda aka gwada man hantar kifi mai ɗauke da bitamin D. Duka biyun, bai rage korona ba, bai rage sauran ciwukan numfashi ba. Da ayarin Martineau suka sake tattara komai a 2025 har da sababbin manyan gwaje-gwaje, ɗan amfanin nan ya ƙara tsukewa har ya kai ba za a iya rantsuwa cewa ba dace ba ne.

Ni yadda nake fahimtar duk wannan, kamar tulu ne. Wanda nasa ya kusa ƙafewa, ko kofi ɗaya aka zuba masa zai ga canji, kamar yaran Mongoliya. Wanda nasa yake cike, duk abin da aka ƙara ba ya shiga. Ban daina ganin darajar bitamin D ba, ina rubuta shi kusan kowane mako, amma don ƙashi da tsoka nake rubutawa, ga wanda ya gaza. In ya sami sauƙin mura a kan haka, riba ce. Kwalbar teburina kuwa na ajiye ta bayan sakamakon 2022, da na auna jinina na ga ba ni da gibi. Ita kuma matar yayanki, babba mai lafiya sau biyu ko uku yake yin mura a shekara, wata shekarar ma ba ya yi. Mai yiwuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mai yiwuwa kuma tana da ƙaranci ne ta cike. Gwajin jini ne kaɗai zai faɗa. Kuma ki sani, in mura ta riga ta kama mutum, shan bitamin D a ranar ba ya korar ta.

Batun yaranki, ki kwantar da hankalinki. Ƙaramin yaro yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, musamman mai zuwa makaranta, domin ƙwayoyin bairos masu kawo ta sun fi nau'i 200, kowanne sai jiki ya haɗu da shi kafin ya san shi. Yara uku a gida ɗaya, ga uwa mai wuni cikin aji, dole ki ga kamar murar ba ta fita. Indai suna ci, suna wasa, suna girma, wannan ba alamar raunin garkuwa ba ce. Wanke hannu da sabulu in an dawo gida, isasshen barci, iska ta riƙa ratsa ɗaki, kowa da kofinsa in ana mura, a nisanta su da hayaƙin sigari: waɗannan sun fi kwalbar nan aiki. In kika ga numfashi yana sauri ko ƙirji yana lotsawa, ko yaro ya ƙi shan komai, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3, a tafi asibiti.

Abin da ya kwantar da maigida daban ne. Infuluwenza takan faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki, kuma takan kashe tsofaffi da masu asma da ciwon suga da ciwon zuciya. Ita tana da allurar rigakafi da ake sabuntawa duk shekara, akwai kuma magani mai suna oseltamivir da ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48. Bitamin D ba ya maye gurbin ko ɗaya.

Akwai waɗanda nake ba shawarar su sha: jariri mai shan nono zalla, 400 a rana, tsofaffi, wanda kusan ba ya fita rana ko fatarsa ba ta samun ta, mai duhun fata da ke zaune a ƙasar sanyi, domin baƙar fata ta fi ɗaukar lokaci kafin ta haɗa bitamin ɗin. Zama a bayan gilashin taga ba ya ƙirguwa, gilashi yana tare irin hasken da ake bukata. A abinci ana samun sa a kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai da hanta. In kina ganin yaranki ba sa samun rana, 400 zuwa 600 na yara ya wadatar, kuma a sha tare da abinci.

Na bar surukarki a ƙarshe domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Bitamin D a kitsen jiki yake taruwa, ba ya bin fitsari ya fita kamar bitamin C. In ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo, ya rame, leɓɓansa a bushe, kofin ruwa ba ya barin hannunsa, da dare sai ya tashi fitsari sau biyar ko shida, ga tashin zuciya, bayan gida ya ɗauke, har ya fara kiran ɗansa da sunan ƙaninsa da ya rasu. Duk mun ɗauka suga ne, aka auna babu. Sai da na ce a kawo mini duk abin da yake sha, babban ɗan ya zaro kwalba daga aljihu ya ɗora a tebur. Mai 50,000 ce. An rubuta masa ɗaya a mako na 'yan makonni, shi kuwa ya mai da ita ɗaya kullum, wata da watanni, don ya ji an ce tana ƙara garkuwa. Sai da muka kwantar da shi ana ta ƙarin ruwa, kuma ƙodarsa ta daɗe kafin ta farfaɗo. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Irin wannan ƙwaya ta cike gibi ce, yawanci ɗaya a mako na kamar mako 8, daga nan a koma ƙarami. Mai shekara sama da 70 bukatarsa 800 ce a rana. Don haka Malama, ki sami Mama cikin ladabi, ko ki bi ta hannun ɗanta, ki tambaye ta sau nawa take sha kuma tun yaushe. Ta dakata da shi tukuna. A cikin makon nan a kai ta wajen likita da kwalbar a hannu, a auna mata kalsiyam da bitamin D da aikin ƙoda, a kuma gaya masa in tana shan ƙwayar kalsiyam ko maganin hawan jini mai sa fitsari. In kuwa ta riga ta fara yawan ƙishirwa ko rikicewar tunani, kada a kwana, a kai ta yau. Allah Ya ba ta lafiya, Ya bar ku tare.