Tambayoyinku Kan Tiraka, MiFi da Motar da Ke Gargaɗin 'Yar'uwarta

Tambaya: Dillali ya ce Golf 8 ɗin da zan saya tana sadarwa da sauran motoci, ya ɗora kuɗi a kan haka. In biya? Alhaji, Kano.

Amsa: Kada ka ƙara ko sisi, Alhaji. Gaskiya ne tun 2019 Volkswagen ta sa wa Golf 8 tsarin Car2X, wanda ke sa mota ta sanar da na bayanta an taka birki da ƙarfi ko akwai haɗari a gaba. Amma sai da wata mota mai irin na'urar a kusa, cikin 'yan ɗaruruwan mita. A titunanmu da wuya ka haɗu da ita.

Tambaya: Tun da aka sa wa motata tiraka (na'urar da ke nuna inda mota take), in ta kwana biyu a ajiye sai batir ya mutu. Ina tsoron in cire a sace min ita. Hajiya, Kaduna.

Amsa: Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba sai kin cire ba. Tiraka ta gari tana yin barci idan an kashe mota, ta rage aika saƙo, ta farka da zarar motar ta motsa. Mai arha kuwa dare da rana tana neman sabis, in kuma siginar ta yi rauni sai ta ƙara ƙarfin aikawa, ta zuƙe batir. A nan ne nake jin haushin 'yan jabu. Kwali ya ce 4G, a ciki 2G ce tsohuwa. Mai haɗawa ya yanke waya ya naɗe da salatif, babu fiyus, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mutum ya sayi motar miliyoyi, ya damƙa tsaronta ga abin da bai kai kuɗin cika tanki ba! Ki kai wa mai wayarin ya auna wutar da tirakar take ja bayan an kashe mota. Ki tabbatar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da samfurin, layin da ke ciki kuma an haɗa shi da NIN ɗinki, kina sa masa data, don layin da aka bari ba amfani rufe shi ake yi.

Tambaya: Wace MiFi (ƙaramar na'urar intanet ta tafi-da-gidanka) ce ba ta rasa sabis a hanya? Direba, Zariya.

Amsa: Babu ita, ɗan'uwa. Inda ba turken sabis, ba na'urar da za ta ƙirƙiro shi. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban, kuma kada ka bar MiFi ɗin a kan dashbod cikin rana, batirinta zai kumbura.