Tambaya da Amsa: Shin a yaƙin basasar Amurka aka ƙirƙiri kiɗan "Soldier's Joy"?

Tambaya: Malam, ina yawan sauraron kiɗan gogen Turawa na mutanen karkarar Amurka. Wani ya ce mini a lokacin yaƙin basasarsu aka ƙirƙiri kiɗan rawar nan mai suna "Soldier's Joy", wato "farin cikin soja", wai sunan yana nufin maganin morfin da ake ba sojojin da suka ji rauni. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ba ka labarin ya ɗauko shi ne daga tsakiya. An yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865, shi kuwa wannan kiɗa ya girmi yaƙin da fiye da shekara 80, kuma ba ma a Amurka aka fara ganinsa a takarda ba.

A Sikotlan sawunsa ya fi fitowa fili. Wani makaɗi na birnin Gilasgo, Joshua Campbell, ya sa shi cikin kundin kiɗe-kiɗen rawa da ya buga wajen 1778. Bayan kamar shekara uku Alexander McGlashan na Edinbara ya sake buga shi a nasa kundin. To, ka riƙe wannan lissafi: sai wajen 1805 wani mai haɗa magunguna Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya fara tace morfin daga ƙwayar opiyom. Ke nan kiɗan yana da sunansa tun ba a san da maganin ba.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta mawaƙin Sikotlan Robert Burns. A 1785 ya rubuta "The Jolly Beggars", waƙar taron mabarata a wata mashaya, wadda ba a buga ba sai 1799, shekara uku bayan rasuwarsa. Cikin mabaratan akwai tsohon soja da ya rasa hannu da ƙafa a fagen daga, yana rera tarihinsa cikin alfahari. Burns bai tsaya yin bayanin karin ba, sunan kiɗan kawai ya rubuta a saman baitocin. Mawaƙi ba ya yin haka sai da abin da ya tabbata kowa ya haddace. Wannan ya nuna kiɗan ya riga ya gama gari tun a lokacin.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure da irin waɗannan kundaye. Shekarar da aka buga kiɗa ba ita ce shekarar da aka ƙirƙire shi ba, kuma wanda ya buga ba lalle shi ne mai shi ba. Masu buga littattafan rawa na ƙarni na 18 'yan kasuwa ne, abin da ake rawa da shi a gari suke tattarawa su sayar, su ma kwafi na juna ba tare da neman izini ba. Kamar dai yadda masu gogenmu ke ɗaukar kiɗa da kunne a gindin maigida, haka makaɗan can suka yi ta miƙa shi hannu da hannu kafin wani ya zauna ya rubuta.

A Ingila ma ya zauna daram. Thomas Hardy, wanda shi da mahaifinsa duk masu kaɗa goge ne, ya sa an kaɗa shi a bikin girbi cikin littafinsa "Far from the Madding Crowd" na 1874.

Daga ina batun morfin ya shigo? Daga baitocin da aka ɗora wa kiɗan daga baya a kudancin Amurka. A 1929 ƙungiyar makaɗa ta Gid Tanner, wato Skillet Lickers ta jihar Jojiya, ta ɗauke shi a faifan garmaho, ana ambaton kuɗin morfin da na giya a ciki. Faifan ya karɓu ƙwarai, kuma da ma an yi amfani da morfin sosai a asibitocin sojan yaƙin basasa, sai mutane suka haɗa biyun ya zama labari mai daɗin faɗa. Baitocin na Amurkawa ne, amma karin da sunan sun ƙetaro teku ne tare da baƙin da suka yi ƙaura daga Birtaniya.