Tambayi likita: salatin lambu, waken kasuwa da gyaɗar bana

Tambayoyin wannan mako duk a kan cefane suka taru.

Wata uwargida daga unguwar Zariya a birnin Maraɗi ta ce: "Likita, daga hannun masu lambun Jiratawa nake sayen salati da tumatir, tsinkar safiya. Shin har sai na yi musu wanki na musamman?"

Hajiya, kin iya cefane. Ganyen da aka tsinko da asuba ya fi wanda ya kwana biyu a rana amfani, domin zafi da daɗewa suna cinye bitamin C. Amma ɗanyen ganye ba shi ne tsabtataccen ganye ba. Ana zuba wa lambu takin dabbobi da kashin kaji, a kasuwa kuma ana yayyafa wa salati ruwa don kada ya yi yaushi, ruwan nan ko ba kowa ya san inda aka ɗebo shi ba. Ta nan taifot, atini da tsutsar ciki suke samun hanya. Ba mu manta da kwalarar 2018 da ta faro daga yankin Madarunfa ba.

Ki ware ganyen ɗaya-ɗaya, ki wanke da ruwan famfo har ƙasa ta fita, ki jiƙa shi kamar minti 15 a ruwan da kika sa wa Aquatabs, wato ƙwayar tsabtace ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a takardarsa, sannan ki ɗauraye da ruwan sha. Gishiri da lemun tsami daɗin baki suke ƙarawa, ba sa kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato. Kuma tunda kin san mai lambun, ki tambaye shi ranar da ya yi feshi na ƙarshe. Kowane maganin ƙwari yana da kwanakin da ake jira kafin tsinka. Wannan tambaya ita ce babbar ribar saye daga hannun manomi, don mai tebur a babbar kasuwa sau da yawa bai san amsarta ba.

Wani magidanci daga Tibiri ya ce ya sayi tiya biyu na wake, yana jin warin magani, ko wanki ya isa?

Malam, kada a dafa shi. Wasu masu ajiya suna zuba wa wake piya-piya, wato dikilorbos, don gudun ƙwari, alhali guba ce da ke taɓa jijiyoyi. Wanda ta kama za a ga yana dalalar da miyau, yana gumi, amai da zawo, numfashi da ƙyar. A kai shi asibiti nan take, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. Ni dai in na ga wake da ƴan huji kaɗan hankalina ya fi kwanciya da in na ga wanda ya kai watanni a ajiye sumul, ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba, sai fa in a buhun PICS aka adana shi. Buhun nan mai leda biyu a ciki rashin iska ne yake kashe ƙwarin da shi, babu magani ko ɗigo.

Wata mai yin ƙuli-ƙuli ta tambaya ko suya tana gyara gyaɗar da ta ɗan yi fumfuna.

Ba ta gyarawa, ƴar'uwa. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da dafin da ake kira afilatoksin, wanda wutar girki ba ta kashe shi. A hankali yake cin hanta, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin kansa yana ninkuwa. Ki tsince duk ƙwayar da ta motse, ta canza launi ko take ɗaci, ki zubar. Na san akwai asara, amma yaran makaranta ne manyan masu cin ƙulinki.

Wani dattijo mai ciwon sukari ya ce an gaya masa sai tuffa da abincin kanti za su riƙe shi, ga shi aljihu ba nauyi.

Baba, bar tuffar nan da ta sha tafiya kafin ta iso mu. Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 na ganye da ƴaƴan itace take so mutum ya ci a yini, ba ta ce sai na ƙasar waje ba. Ga zogale da Allah ya hore wa bakin Gulbi, ga rama, yakuwa, kuɓewa, yalo, kabeji da gwaba. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli, ko wake dafaffe, sun fi burodi da shayi mai sukari nesa ba kusa ba. Ka rage girman malmalar tuwo, ka sha fura ba sukari kuma kada ka cika ƙwarya, a rage dunƙulen miya a ƙara daddawa. Sai dai zogale abinci ne, ba zai maye gurbin ƙwayoyinka ba. Ka ci gaba da shan su, in za ka je awo ka tafi da takardar gwajin da ya gabata.